AMANAR KUNNUWA: Yadda Na Yi Renon Kwikwiyo a Ƙasar Turawa

Na san kun saba jin ta bakina a labarin soyayya, to yau kam sai ku yi haƙuri, babu saurayi babu budurwa a wannan rubutu. Labarin kare na zo muku da shi. E, kare! Na san wata har ta yamutsa fuska ta ce, "Oh ni 'yasu, ita kuma wannan me ya haɗa ta da kare?" To gyara zama ki ji, ni ma da haka zan ce kafin abin ya faɗo kaina.

Ni dai duk gidanmu an san ni da tsoron kare. Tun ina 'yar aji uku a firamare wani baƙin kare ya biyo ni a hanyar Islamiyya, na yar da allo na yar da takalmi ɗaya, ban tsaya ba sai a bayan Umma. Daga ranar, ko haushi na jiyo daga nesa sai na canza lungu. Har na gama sakandare, har na yi aure, ban sauya ba.

A watan Oktoba na 2023 ne na bi maigidana birnin Manchesta ta ƙasar Ingila, inda yake karatun digirin digirgir. Muka kama hayar saman bene a gidan wata tsohuwar Baturiya, ita tana ƙasa mu muna sama, ƙofar shiga ɗaya. Ta haura shekara saba'in, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tal kuma yana can Landan yana aiki. Ranar farko ta tambaye ni yadda muke kiran babbar mace a wajenmu, na lissafa mata, ta zaɓi Goggo. Shi ke nan ta zama Goggo. Maigida ya fita tun safe sai dare, gari kullum ruwa, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Ba don Goggo da shayinta ba, da kaɗaici ya kusa zautar da ni.

Ana nan, tsakiyar Nuwamba, na sauko zan fita kanti sai na tarar da ita zaune a falo tana ta murmushi, ga wani abu a cinyarta cikin tawul. Na leƙa, sai na ja da baya har na bugi ƙofa. Kwikwiyo ne ɗan sati takwas, mai launi uku, fari da baƙi da ruwan ƙasa. Amma ban taɓa ganin halitta irin tasa ba. Ƙafafu gajejjeru kamar an yanke, jiki dogo, fata ta yi masa yawa kamar yaro ya sa rigar babansa, idanu kuwa a langaɓe sai ka ce wanda aka yi wa rasuwa. Kunnuwan su ne abin kallo. Da ta sauke shi ya fara tafiya, sai ya taka kunnensa ɗaya ya kifa. Duk tsorona sai da na yi dariya. Nan take na raɗa masa suna Kunnuwa, sunan kuma ya bi shi.

Goggo ta ce sunan irinsu Basset Hound. In kun taɓa ganin takalmin nan Hush Puppies, to hoton karen da ke jikinsa shi ne. Asalinsu daga Faransa ne, sunan ma daga kalmar Faransanci ya fito mai nufin abin da yake ƙasa-ƙasa. Don farautar zomo aka samar da su, kuma gajartar ƙafar da gangan ce, don mafarauci ya iya bin karensa a ƙasa ba sai da doki ba. A ƙarni na 19 aka shigo da su Ingila, wani mai suna Everett Millais ya nuna ɗaya a gasar karnuka a 1875, daga nan suka yaɗu. In ya girma tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa bai wuce santimita 38 ba, amma nauyinsa yakan kai kilo 25 ko fiye. Hancinsa kuwa, ana cewa a duk karnuka babu wanda ya fi shi jin ƙanshi sai ɗan uwansa da ake kira Bloodhound. Ku riƙe maganar hancin nan, za mu dawo kanta.

Sati biyu da zuwansa abin ya faru. Da asuba na ji ƙara daga ƙasa, muka sauko a guje ni da maigida, muka tarar da Goggo kwance a kicin ba ta iya motsi. Fitsarin Kunnuwa ta taka a kan tayil, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aka ce za ta yi makonni kafin ta dawo gida.

Washegari ɗanta ya iso ransa a ɓace. A gabanmu ya ce gobe-goben nan zai kai karen gidan da ake ajiye dabbobin da aka rasa mai riƙo, ita kuma in an sallame ta gara ta koma gidan kula da tsofaffi, a sayar da gidan. Gabana ya faɗi, don in an sayar da gida mu ma mun tashi. Da na je duba ta a asibiti, Goggo ta riƙe hannuna tana hawaye ta ce, "'Yata, tun da mijina ya mutu ban sami abin da nake tashi dominsa da safe ba sai wannan ɗan abin. Ki riƙe mini shi." Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce to ba. Ɗan ya amince da sharaɗi ɗaya: ranar da uwarsa za ta dawo, in har karen yana ɓata ƙasa, to zamansa ya ƙare.

Da dare na kira Umma a waya ina jiran faɗa. Ta yi shiru, can ta ce, "Ai ba naki ba ne, amana ce aka ba ki, kuma maƙwabciyarki ce. Kin manta labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa? Ki dai kula da tsarkinki." Haka kuwa na yi. Kunnuwa bai taɓa hawa samanmu ba, kwanukansa daban, soson wankinsu daban, na ware wata tsohuwar doguwar riga da nake sawa in zan sauka wajensa, in na gama na tuɓe na wanke hannu.

Satin farko kam na sha wuya, kuma yawancinta ni na jawo wa kaina. In na ga fitsari sai in daka masa tsawa, in nuna masa wurin. Rannan har na ɗauki silifas na tsula masa. Ya tsugunna yana kallona da idanun nan nasa, ni kuma na ce yawwa, ya gane. Ashe abin da ya gane daban. Ya gane cewa yin fitsari a gaban matar nan haɗari ne, sai ya koma laɓewa bayan kujera yana yi, ni ban sani ba sai wari ya tona. Na goge da bilic, na sake gogewa, gobe ya koma daidai wurin. Daren kwana na shida na zauna a kan matakala na yi kuka sosai. Maigida ya ce, "Haba Amarya, ke da kike haɗa masoya a littafi bayan shafi ɗari biyu na rigima, ɗan kwikwiyo ne zai gagare ki?" Na harare shi na ce ai su da biro nake juya su.

Abin da ya cece ni shi ne ranar allurarsa ta biyu. A nan ana yi wa kwikwiyo rigakafi tun yana wajen sati takwas, a sake bayan sati biyu zuwa huɗu, kuma kafin a kammala ba a fita da shi titi inda wasu karnuka ke yawo. Doka ce kuma tun 2016 a sa wa kowane kare wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gane mai shi. Likitar dabbobin mace ce mai fara'a. Na zayyana mata komai, har maganar silifas ban ɓoye ba. Ba ta yi mini faɗa ba, tambaya ta yi: "Sau nawa kike fita da shi a rana?" Na ce sau uku. Ta yi dariya ta ce, "To ai ba shi da laifi."

Ta ce mafitsarar kwikwiyo ƙarama ce, kuma bai iya riƙe ta ba tukuna. Lissafin da ake yi shi ne kusan awa ɗaya ga kowane wata na haihuwarsa, wato ɗan wata biyu da rabi bai fi ya riƙe awa biyu ba da rana. Ta ce duka ba ya koya masa inda zai yi, tsoro kawai yake koya masa, kuma in ya riga ya yi ko da minti biyu ne, to ba ya haɗa faɗan da fitsarin. Game da komawa wuri ɗaya kuwa, ta ce hancin nan ne. Abin da ni na goge na daina ji, shi yana jin sa raɗau, kuma a wajensa duk inda ke warin fitsari nan ne makewayi. Ta hana ni duk wani abin goge-goge mai amoniya, don warinsa ya yi kama da na fitsari. Ta ce in sayi ruwan gogewa na musamman mai cinye ƙazantar dabbobi, ko in dama omon wanki irin wanda ake rubuta "bio" a kwalinsa da ruwan ɗumi. Sannan ta ƙara da cewa irinsu Kunnuwa sun yi suna wajen jinkirin koyo, ba don daƙiƙanci ba, don an halitta su su bi hancinsu ne, ba umarnin mutum ba. Amma suna da lago ɗaya: ciki.

Na dawo gida na ɗauko sabon littafin rubutu mai shafi tamanin da na saya don sabon labarina, na ja layi na mayar da shi rajista. Lokacin da ya ci, lokacin da ya sha, lokacin da ya yi, da inda ya yi. Abinci sau huɗu a rana a kan ƙa'ida har ya cika wata uku, daga nan sau uku, kuma in ya bar saura bayan minti goma sha biyar in ɗauke kwanon. Fita kuwa, da zarar ya farka daga barci, da bayan ya ci, da bayan wasa, da kuma duk awa ɗaya da rabi ko bai nuna alama ba. Da dare na sa agogo ƙarfe biyu. Ku auna, watan Disamba, sanyi kamar ƙanƙara na cizo, ni ce tsaye a ɗan filin ciyawar Goggo da rigar sanyin maigida a kan doguwar riga, hannu ɗaya lema, hannu ɗaya igiyar kare. Na ce a raina, in 'yan ajinmu suka gan ni yanzu na shiga uku da tsiya.

Nan ma sai da hancin ya ba ni aiki. In na sake shi a filin, sai ya kafa hanci a ƙasa ya bi sawun kyanwar maƙwabta minti ashirin, ya manta abin da ya fito da shi, muna komawa ciki ya tsugunna. Sai na canza dabara. Na zaɓi kusurwa ɗaya kusa da katanga, kullum nan, kuma da igiya a wuyansa. In tsaya shiru ba wasa ba magana, minti biyar. In bai yi ba mu koma, in sa shi a kejinsa minti goma, mu sake fitowa. Da ya fara tsugunnawa sai in ce a hankali, "Yi maza." Yana gamawa, nan take a wurin, ba sai mun shiga ba, in miƙa masa ɗan guntun dafaffiyar kaza kamar ƙwayar gyaɗa, in yi ta yabonsa kamar ya ci jarrabawa. Likita ta ja kunnena a kan wannan: in kika bari sai an shiga gida, to shi a ganinsa ladan shiga gida aka ba shi.

Maganar keji da farko ta ba ni tausayi, na ɗauka kurkuku ne. Ashe ɗakin kwana ne. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, shi ya sa ake samo wanda zai iya tsayawa ya juya ya miƙe a ciki, amma ba mai faɗin da zai kwanta a gefe ya yi kashi a gefe ba. Ba a sa shi ciki don horo, ba a kuma barin sa ya wuni. Na shimfiɗa masa tsohuwar rigar sanyin Goggo, daga ranar kukan dare ya ragu.

A hankali na fara karantar sa. Hausawa na cewa in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. To in kin ga kwikwiyo ya bar wasa farat ɗaya, ya sa hanci a ƙasa yana zagaye, yi zai yi. Ba tsawa, sai dai in ɗauke shi cak mu yi waje. In kuwa na makara, in goge in rubuta a rajista. Da na duba rajistar bayan sati biyu sai kunya ta kama ni, don kusan duk inda aka rubuta "ciki", in ba waya nake da Umma ba to na nutse a rubutu na manta agogo.

Akwai wasu abubuwan da na koya a hanya. Kunnuwan nan dogaye suna faɗawa cikin abinci, sai an goge bayan kowane ci, kuma duk sati a ɗaga a duba ciki, don iska ba ta shiga, ciwo yana saurin kama su. Ba a barin sa hawa bene ko dirowa daga kujera, saboda doguwar bayan nan da gajerun ƙafafu. In za a ɗauke shi, hannu ɗaya a ƙirji hannu ɗaya a ƙugu. Ga shi da kwaɗayi, in aka biye wa idanunsa ƙiba za ta karya shi. Kuma ba komai na tukunyarmu yake ci ba. Albasa da tafarnuwa da cakulan da inabi duk guba ne ga kare, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya ji masa ciwo a ciki. Har goro, don yana ɗauke da irin sinadaran da ke cikin cakulan da kofi. Don haka kazar Kunnuwa daban nake dafa ta, ba gishiri ba magi.

Ranar kwana na ashirin da uku da fara rajista, ina zaune a falon Goggo ina rubutu, sai na ji wani irin kuka mai kauri, "Awuuu!" kamar an busa ƙaho. Na zabura. Kunnuwa ne zaune a bakin ƙofar baya, ya ɗaga kai sama, yana waigo na. Na buɗe, ya tafi kusurwarsa da kansa ya tsugunna. Ku yarda da ni, ranar da aka fara buga littafina ban yi murnar da na yi a daren nan ba. Na kira maigida a waya ina ihu, ya ɗauka wani abu ne ya faru a gida.

A tsakiyar Janairun 2024 aka sallamo Goggo. Kwana tara ke nan ba a rubuta "ciki" a rajista ba, amma hankalina bai kwanta ba, don likita ta gaya mini kwikwiyo in murna ta yi masa yawa fitsari yakan kuɓuce masa ba da saninsa ba. Na san in ya ga Goggo sai ya yi, kuma in ya yi a kan tayil ɗin nan a gaban ɗanta, aikina ya tashi a banza. Don haka da na ji tsayuwar mota sai na fita da shi ta baya, ya yi abinsa tukuna, sannan na zagayo da shi ƙofar gida. A waje suka haɗu. Ya ruga yana taka kunnuwa, jela kamar za ta tsinke, ya kuwa ɗiga 'yan ɗigo, amma a kan ciyawa. Goggo tana dafe da ƙarfen tafiyarta tana kuka tana dariya.

Da muka shiga, ɗan ya zagaya falo da kicin yana duba ƙasa, har bayan kujera ya leƙa. Ban ce komai ba, na miƙa masa rajista. Ya tsaya yana buɗawa shafi-shafi, ya zo kan layin ƙarfe biyun dare, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kullum?" Na ce kullum. Ya yi shiru, sannan ya ce zai sa a shimfiɗa tabarmar roba marar santsi a kicin, a kuma sa ɗan ƙyaure a ƙofar don kada karen ya shiga da dare. Maganar sayar da gida bai sake tayar da ita ba.

Sai dai fa an sami 'yar matsala. Washegari Goggo ta tsaya a bakin ƙofa tana yi masa magana da Turanci ya yi, shi kuwa ya zauna yana kallon ta. Sai da na leƙo ta taga na ce, "Goggo, ce masa yi maza." Ta gwada, harshe na karyewa, ya kuwa tsugunna. Har yau da safe ina jiyo muryarta daga sama, "Yi maza, Kunnuwa, yi maza!" Maƙwabta sun ɗauka sunan wani abinci ne.

Kada in yi muku ƙarya, bai gama ƙwarewa ba sai da ya kai wajen wata takwas, kuma a tsakani ya ɓata ƙasa sau uku, biyu a ranakun da ruwan sama ya hana shi son fita. Na ci gaba da fitar dare har Goggo ta ajiye ƙarfen tafiya. Da na ba Umma labarin rajistar ta ce, "To ai haka na koya muku zaman fo, ke da ƙannenki. Lokaci ake kiyayewa, wanda na daka a cikinku shi ya fi daɗewa yana fitsarin kwance." Ban tambaye ta wane ne ba, don ina zargin na san amsar.

Kafin in ajiye biro, ga saƙo ga waɗanda ke da karen gadi ko na farauta a gida. A nan Ingila babu ciwon haukan kare a jikin karnukansu, amma a wajenmu akwai shi, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tsira. Ku tuna wa iyayenku maza a kai kare a yi masa allurar rigakafi a asibitin dabbobi. In kuma kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti goma sha biyar, sannan a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Masu tambayar sabon littafi kuma ku ƙara haƙuri, littafin da zan rubuta shi a ciki ne Kunnuwa ya cinye da rajista, na dai sayo wani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.